Hoto ɗaya, launi biyu: tsakanin Chrome da Firefox wa ke nuna gaskiya?

MaiHoto_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Masana harkar kwamfuta ku zo ku raba mini gardama. Na ɗora hotunan wani biki a shafina, amarya ta sa leshi ruwan hanta, ƙawayenta sun yi ankon atamfa kore shar. In na buɗe shafin da Firefox, launin yana fitowa kusan yadda na bar shi a Photoshop. In na buɗe da Chrome, kwamfuta ɗaya, allo ɗaya, sai koren ya koɗe, ruwan hantan ya karkata wajen ruwan ƙasa, fatar amarya ma ta yi fayau. A ganina Firefox ne mai nuna launi na gaskiya. Mai ja ya fito.

Sadiq_Editing:
Wa alaikumus salam. Babu ja, Oga. Duk mai aikin hoto ya san Firefox ya fi.

Injiniya_Zariya:
Malam MaiHoto, kafin a yanke hukunci ina da tambaya biyu. Da wane tsarin launi ka gyara hotunan, sRGB ko Adobe RGB? Sannan allon naka irin na masu aikin hoto ne mai faɗin launi, ko na ofis ne? In ba ka tuna na farkon ba, duba sunan fayil ɗin da kyamara ta ba shi. Idan ya fara da ɗan layin ƙasa, kamar _MG_ a Canon ko _DSC a Nikon, to kyamarar tana kan Adobe RGB.

MaiHoto_Fagge:
_MG_ ne kuwa. Adobe RGB nake aiki da shi saboda bugun albam. Allon kuma na masu aikin hoto ne, takardarsa ta ce yana kai kusan dukkan Adobe RGB.

Injiniya_Zariya:
To ga zatona, kuma zan yi mamaki in ba haka ba ne. Hoton da ke shafinka ya rabu da furofayil ɗinsa na launi a hanya.

Abin da ke cikin fayil ɗin hoto lambobi ne kawai. Kowane ɗigo yana da lamba uku, ta ja, ta kore, ta shuɗi, daga 0 zuwa 255. Amma lamba 255 a kore ba ta faɗa maka wane kore ba ne. Kamar a ce maka "mudu biyar na gero" ne ba a faɗi mudun wace kasuwa ba. Mai aunawa da ƙaramin mudu zai ba ka biyar cif, amma hatsin bai kai ba. Furofayil shi ne ɗan bayanin da ake liƙa wa hoto yana cewa ga ma'aunin da aka yi amfani da shi. Ƙungiyar ICC da Adobe, Apple, Kodak, Microsoft da wasu suka kafa a 1993 ita ta tsara yadda ake rubuta shi.

Idan hoto ya zo babu wannan bayani, kowace burauza sai ta yi abin da aka tsara mata. Chrome yana ɗauka sRGB ne, ya juya shi daidai da allonka. Lambobin Adobe RGB kuwa in aka karanta su da ma'aunin sRGB dole su koɗe, musamman kore. Shi Firefox, a yadda yake zuwa, hoton da ba shi da furofayil ba ya taɓa shi, miƙa wa allo lambobin yake yi yadda suke. Allonka kuma kusan Adobe RGB ne, sai abin ya yi kama da daidai. Dace ne aka yi. Buɗe shafin nan da Firefox a laftof na ofis, za ka ga ya koɗe kamar na Chrome.

Sadiq_Editing:
Injiniya wannan dogon turanci ne. Ido dai ya ga wanda ya fi kyau.

Injiniya_Zariya:
Idon Malam MaiHoto a kan allon Malam MaiHoto. Amarya da danginta a waya za su kalla.

Hajiya_Shadda:
Allah ya saka da alheri, wannan magana ta taɓo ni. Ni kaya nake sarowa a Kantin Kwari ina tallatawa a intanet. Wata baiwar Allah daga Jos ta zaɓi shadda a hoto, ta ce ruwan omo take so, na aika mata ta tasha. Da kaya suka isa ta kira ni ranta a ɓace, wai abin da ta gani a wayarta ya fi wannan haske da ƙarfi. Wallahi bandir ɗin da na ɗauka shi na yanka mata. Ƙarshe kuɗin mota na biya zuwa da dawowa. Shin ni ma wannan furofayil ɗin ne ya ɓace mini?

Dan_Damagaram:
Hajiya naki daban ne ina jin. Nan wajenmu mutane da yawa da Opera Mini suke shiga saboda tsimin data. Shi hoto yana bi ta na'urorin kamfanin a matse shi kafin ya iso salularka, akwai ma wurin zaɓar ingancin hoto a ciki. In mutum ya sa a ƙarami, zanen shadda duk ya dagule.

Ummu_Khairat:
Matsewa tana ɓata kaifin hoto, amma Hajiya cewa ta yi launin ya ƙara ƙarfi. Wannan ya fi kama da saitin allon wayar. Wayoyin Samsung suna da zaɓi biyu a wajen allo, Vivid da Natural, sauran kamfanoni ma suna da irinsa da wasu sunaye. Na farkon ƙara wa komai gishiri yake yi don ya burge ido. Ga kuma saitin kare ido da dare da ke mai da fari ruwan ɗorawa. Mutum zai kunna ya manta. Babu burauzar da za ta gyara wannan.

Hajiya_Shadda:
To Ummu ya zan yi? In bi kowace kwastoma in duba mata waya?

Ummu_Khairat:
A'a Hajiya. Abin da yayata ke yi, tana ɗaukar hoton a inuwa da hantsi, ba a ƙarƙashin ƙwan shago ba, sannan ta ajiye farar takarda a gefen yadin. Mai saye in ta ga takardar ta yi shuɗi-shuɗi ko ja-ja a wayarta, ta san allon ne. Kuma in anko ne na mutum da yawa, ƙyalle take yankawa ta aika tukuna.

Baba_Studio:
Yara kuna ba ni dariya. Wannan rigima ta girmi intanet. Zamanin fim, wanda ya ɗauka da Kodak da wanda ya ɗauka da Fuji ba sa samun kore iri ɗaya, kowa ya san haka. Ka kai fim ɗaya gidan wanki biyu, su ba ka fuska biyu, ɗaya ja ɗaya kamar mai shawara. Mu a lokacin mai injin muke zama kusa da shi muna cewa rage ja, ƙara kaɗan. Yanzu kun ce na'ura za ta yi muku.

Sadiq_Editing:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Amma sRGB ɗin nan ba Adobe ne suka ƙirƙiro shi don masu ƙananan kwamfuta ba? Ni shi ya sa nake raina shi.

Injiniya_Zariya:
HP da Microsoft ne suka fito da shi a 1996, hukumar IEC ta mai da shi ma'auni na duniya a 1999. An auna shi ne da allunan wancan zamani masu ƙeya. Na Adobe ya zo a 1998, ya fi faɗi a wajen kore da shuɗi mai ruwan kore, don ya ɗauke launukan da injin buga takarda ke iya fitarwa. Ka raina sRGB ko kar ka raina, ƙa'idar shafukan intanet ita ce duk abin da bai faɗi tsarinsa ba a ɗauke shi sRGB.

Kodar_Kaduna:
Ina tare da Injiniya a bayani, amma a yi wa Firefox adalci, tarihi yana gefensa. Tun fitowa ta 3 a 2008 ya shigo da kula da launi, ko da yake a kashe yake zuwa. A 3.5, shekarar 2009, aka kunna shi ga hotuna masu furofayil. Safari ya riga shi ma. Internet Explorer 9 na 2011 yana karanta furofayil ɗin hoto amma ba ya kallon na allo, sRGB kawai yake juyawa ya tsaya. Chrome kuwa sai wajen 2017 ya kammala nasa. Wato shekaru da dama maganar Sadiq gaskiya ce, shi ya sa ta zauna a bakin masu hoto. Zamani ne ya wuce ta.

Kuma wanda yake so Firefox ya yi irin na Chrome, ya rubuta about:config a wurin adireshi, ya nemo gfx.color_management.mode. Lamba 0 a kashe ke nan, 2 masu furofayil kaɗai, ita ce yake zuwa da ita, 1 kuwa komai da komai. Ka mai da shi 1, ka rufe ka sake buɗewa.

MaiHoto_Fagge:
Na gwada na Kodar yanzu. Da na sa 1, Firefox ma ya koɗe kamar Chrome. To ai gara in mayar da shi 2 in huta.

Kodar_Kaduna:
Haba Oga, ai sai ka rufe idonka kai kaɗai. Abin da ka gani a 1 shi mutane ke gani. Sauke hoton daga shafin naka, ba wanda ke kwamfutarka ba, ka buɗe a Photoshop. A ƙasa ta hagu akwai ɗan kibiya, zaɓi "Document Profile". In ka ga "Untagged RGB" magana ta ƙare. Manhajar ExifTool mai karanta bayanan hoto ma tana nunawa, kyauta ce.

Zainab_Graphics:
Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne amma danginsu ɗaya. Ka yi wa kwastoma tambari da shuɗi, ka sa bangon shafi da lambar shuɗin nan sak. A wani allo sai ka ga tambarin ya fito cikin akwati, shuɗinsa daban na bango daban. Na daɗe kafin na gane cewa hoton yana da furofayil ana juya shi, launin bangon kuma ba a juya shi. A allo mai faɗin launi abin ya fi fitowa fili. Yanzu bayan tambari a huje nake barinsa, ko in yi shi SVG, wato zanen da ake rubutawa da lambobi kamar launin bangon.

Kodar_Kaduna:
Zainab wannan shi ne illar lamba 2 ɗin da na faɗa. Rabin shafi ana kula da shi, rabi an sake shi.

Abu_Nima:
Gaisuwa daga Ankara. Ni a iPhone na gwada hotuna da Safari da Chrome da Firefox, ban ga bambanci ko kaɗan ba. Anya maganar nan ba zuzutawa ba ce?

Injiniya_Zariya:
Ba za ka gani ba, ɗan'uwa, domin a iPhone dukkansu injin Safari ne a ciki, WebKit. Sai a 2024 aka buɗe ƙofar wasu injina, shi ma a ƙasashen Tarayyar Turai. Haka a kwamfuta, Edge tun Janairun 2020 ya koma kan Chromium, wato tushen Chrome, Opera da Brave ma can suke. In ana maganar bambanci, injina uku ake nufi: na Chrome, na Safari, na Firefox. Sauran riga ce kawai aka canza.

Sadiq_Editing:
To ni Lightroom nake amfani da shi wajen gyaran hoto, kuma an ce tsarin launi na ProPhoto ya fi kowanne faɗi. Me zai hana in fitar da shi in ɗora?

Zainab_Graphics:
Kar ka soma. ProPhoto in ya rasa furofayil ba koɗewa kawai yake yi ba, fatar mutum komawa take toka-toka mai ruwan kore kamar marar lafiya. Kodak ne suka tsara shi, faɗinsa har ya haɗa da launukan da ido ba ya gani. Wurin gyara yake da amfani. Kuma JPEG mataki 256 kawai yake da shi a kowane launi, in ka shimfiɗa su a fili mai faɗi haka, sararin sama sai ya fito layi-layi. Wajen fitarwa a Lightroom akwai "Color Space", sa sRGB.

A Photoshop kuma a kula, "Convert to Profile" da "Assign Profile" ba ɗaya ba ne. Na farko yana canza lambobin don launi ya tsaya yadda yake. Na biyu yana barin lambobin ya canza musu suna, launi ya gurɓace. Yara masu koyo a shagonmu nan suke yawan faɗawa.

Mallam_P3:
Ku yi haƙuri zan saɓa. Wannan nasiha ta "mai da komai sRGB" ta tsufa. Apple ya sa allo mai tsarin launi na P3 a iMac tun 2015, iPhone 7 na 2016 da P3 yake ɗaukar hoto, kuma P3 ya fi sRGB faɗi da kusan kashi 25 cikin ɗari, yawanci a wajen ja da kore. Android ya shigo da kula da launi a fitowa ta 8 a 2017. Chrome 111 a Maris 2023 ya fara karɓar launin P3 a rubutun shafi, Safari ya daɗe da yi. Jan leshin amarya da koren atamfa su ne daidai launukan da sRGB ke yankewa. Don me mai hoto zai zubar da abin da wayar kwastomarsa za ta iya nunawa? A liƙa furofayil, burauza ta yi aikinta.

Injiniya_Zariya:
Mallam, a takarda kana da gaskiya. Amma ka dubi abin da ya kawo mu nan: furofayil ya faɗi a hanya. Hoton sRGB in ya rasa nasa, kusan babu abin da ya same shi, domin abin da za a zata ke nan. Hoton P3 in ya rasa nasa, ya koɗe. Hoton biki kuma ba ya zama wuri ɗaya. A sauke, a tura, a yi masa hoton allo, a sa a wata manhaja a rubuta "Allah ya ba da zaman lafiya" a kai, a sake turawa. A cikin waɗannan hannaye wani zai yar da furofayil ɗin.

Mallam_P3:
To a gyara hannayen. Ba za mu zauna a 1996 har abada ba.

Kodar_Kaduna:
Dalilin da ya sa ake cire shi ma nauyi ne. Furofayil ɗin sRGB da aka saba da shi wajen kilobayit 3 ne. A babban hoto ba komai ba ne, amma a ƙananan hotuna dubbai yana taruwa. Facebook da kansu sai da suka ƙera wani ɗan ƙarami mai bayit 524 don kada su jefar da shi gaba ɗaya. Masu rubuta manhajar rage nauyin hoto da yawa ba su yi wannan wahalar ba. A manhajar sarrafa hoto ta ImageMagick, umarnin -strip yana share komai har da furofayil, kuma mutane suna kwafe shi su liƙa ba tare da sun juya hoton zuwa sRGB tukuna ba.

Dan_Damagaram:
Mallam_P3 yana maganar iPhone. Ku zo kasuwa ku ƙirga Tecno da itel da Infinix tukuna.

Baba_Studio:
Duk kun bar babban abu. Allon da kuke gyara hoton a kai, wa ya auna shi? Na shiga shagon wani yaro, laftof ɗinsa in ka ɗaga kai fuska ta yi fari, in ka sunkuya ta yi baƙi, haskensa a ƙure, ga taga a bayansa. A haka yake rage ja yana ƙara shuɗi. Wannan ko wace burauza ka ba shi aikin banza ne.

Injiniya_Zariya:
Baba ya faɗi gaskiya. Juyawar nan ƙafa biyu gare ta, furofayil ɗin hoto da furofayil ɗin allo. In Windows ba shi da na allonka, burauza za ta ɗauka allon sRGB ne, a mai faɗin launi kuma komai sai ya yi rau fiye da kima, fuska ta yi jawur. Na'urar aunawa irin Spyder ta Datacolor ko ta Calibrite ake ratayawa a fuskar allo, ta karanta launuka ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta furofayil na allonka kai kaɗai. Ana saita fari a 6500K, wato kusan farin hasken rana. Laftof masu araha da aka rubuta faɗin launin allonsu 45% NTSC kuwa ko kashi biyu cikin uku na sRGB da ƙyar suke kaiwa, aunawa ba za ta ƙara musu launin da ba su da shi ba.

Sadiq_Editing:
Na'urar nan da tsada fa, da canjin dala na yanzu.

Zainab_Graphics:
Ba kullum ake amfani da ita ba. Mutum biyar su haɗa kuɗi su sayi ɗaya, tana zagayawa.

MaiHoto_Fagge:
Na dawo. Na sauke hoton daga shafin kamar yadda Kodar ya ce, "Untagged RGB" ya nuna. Na asalin da ke kwamfutata yana da Adobe RGB ɗinsa lafiya lau. Yaron da ya gina mini shafin ya duba, ya ce wata manhajar rage nauyi ce da ke ciki take sharewa. Na sake fitar da hotunan da sRGB, na sa alama a "Embed Color Profile", shi kuma ya kashe sharewar. Yanzu Chrome da Firefox sun zo ɗaya a idona. Sai dai koren atamfar nan bai kai na Photoshop ba. Ya yi kyau, amma wancan ƙyallin ya ragu.

Mallam_P3:
Kun ji ko? Abin da nake faɗa ke nan. Wannan koren yana wajen iyakar sRGB, an yanke shi. Fitar da P3 ka gani.

Injiniya_Zariya:
Zai dawo da wani ɓangare a allonsa da sababbin wayoyi, ban musa ba. Ni dai in shafina ne, hoton da na san za a sauke a yaɗa sRGB zan ba shi. In yana so ya ware wani shafi na nuna gwaninta ya sa P3 a can, ba laifi, tunda yanzu an daina share masa furofayil.

Sadiq_Editing:
Ni har yanzu Firefox ɗina nake so.

Hajiya_Shadda:
Ni ban gane rabin abin da kuka faɗa ba, amma farar takardar Ummu na fara sawa. Tambayata, in na tura hoto ta WhatsApp a matsayin fayil maimakon hoto, launin zai fi tsayawa?

Ummu_Khairat:
A matsayin fayil yana zuwa yadda kika ɗauke shi, ba a matse shi ba, zanen shaddar zai fito sosai. Amma data zai ci, kuma allon wayarta yana nan yadda ta saita shi.

Kodar_Kaduna:
Mallam_P3, akwai wani hoton gwaji da masu WebKit suka fitar, jan murabba'i ne da tambari ɓoye a ciki, sai a allon P3 tambarin ke bayyana. Kowa a zauren nan ya buɗe shi a wayarsa ya faɗa mana sunan wayar da burauzar da abin da ya gani. Sannan mu san ko mutanenmu sun kai inda kake cewa.

Mallam_P3:
Na yarda. Dan_Damagaram ya fara, amma ba da Opera Mini ba.